Lambar da Ke Kusurwar Allo

Shekara talatin da ɗaya ina aikin kafinta, ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Ba cika baki nake yi ba, kowa a layinmu ya sani. Ƙofar da na rataya ba ta kuka, durowar da na haɗa ba ta cijewa ko ana tsakiyar damina, kuma in ka sami wurin da za ka zura takarda tsakanin katako biyu da na haɗa, zo in ba ka zartona kyauta. Ni a wurina giɓi abin kunya ne. Wannan halin ne ya ɗaga sunana, shi ne kuma ya kusa jawo wa 'yata asarar abin da ta yi shekaru tana nema.

Ita ce ƙarama a 'ya'yana, ita kaɗai ta rage a gabanmu. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka bakina ba ya iya kama sunanta, Uwata nake ce mata. Shekararta ashirin da biyu. Da rana tana aikin zane a wani shagon buga takardu, in ta dawo ta ci abinci sai gem, irin wanda mutum biyar ke haɗuwa su kara da wasu biyar, kowa yana ɗakinsa a wani gari. Da farko shiririta na ɗauki abin, na sha yi mata faɗa a kai. Ranar da na tsaya a bayanta na kalli yatsunta ne na ja bakina na yi shiru. Ban gane komai a allon ba, amma na san hannun mai sana'a in na gan shi, ba ya yin motsi biyu inda ɗaya ya isa.

Tsohuwar kwamfutarta ta gaji, sai ta ƙudurta haɗa sabuwa da hannunta. Shekara biyu tana tara kayan ɗaya bayan ɗaya, har kwalaye suka cika ƙarƙashin gadonta. Na ƙarshen zuwa shi ne katin hoto, wanda ta ce shi ke zana duk abin da ake gani a allo. Ni da na ji an ce kati na zaci zai shiga aljihu, sai ga wani abu kusan tsawon hannuna mai fanka uku a jikinsa. Ta rungumo shi kamar jariri, ta hana kowa taɓawa.

Saura akwatin da za a zuba kayan. Ta nuna mini hotonsa a waya, wani baƙin gwangwani mai gilashi a gefe, wai shi za ta saya. Nan take raina ya ɓaci.

"Ubanki na kafinta za ki je ki sayo akwati? Me kike so a ce da ni a layi?"

Ta yi dariya ta ce ba wanda zai ce komai. Amma in da gaske nake, akwai masu haɗa kwamfutar a cikin tebur, a rufe samansa da gilashi mai kauri, mutum ya ɗora allo da madannai da linzami a kai yana ganin kayan cikin suna haske a ƙarƙashin hannunsa. Kwana biyu ta kawo mini zane, komai da awonsa. Taga ɗaya a hagu inda iska za ta shiga, ɗaya a dama inda za ta fita, kowace da fanka uku a bayanta. Sau uku tana nanata mini maganar iska, har na ce mata tun kafin a haife ta nake yanka taga.

Sati shida na yi a kan teburin nan. Jan katako ne mai nauyi da na daɗe ina ɓoyo, na hana masu kuɗi da yawa. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, haƙori da haƙori na haɗa shi, na bi da gam. Na zaunar da ita a kujerarta na auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, don tsayin ya zo daidai da ita ba da kowa ba. Gefe da gefe na yi bango biyu-biyu saboda ƙarfi, tagogin kuma na jera musu siraran katakai goma sha takwas-takwas, kowanne sai da na goge shi da hannu har ya yi santsi.

Sai kuma na ƙara wani abu da babu shi a zane. Shagona a gaban gida yake, kuma duk wanda ya zauna da kafinta ya san garin katako ba ya neman izinin shiga. Yana cikin kabad, yana cikin takalmi, mai ɗakina ta ce har a shayinta tana tsintarsa. Na ce ba zan bari ya shiga kayan da yarinyar nan ta sha wahalar tarawa ba. Sai na yanko soso mai kaurin yatsa biyu, irin mai tauri da nake sa wa kujerun manya, na lulluɓe shi da baƙin yadi ciki da waje, na cusa shi tsakanin bangon biyu daidai kowace taga, na liƙe. Iska ba ta dame ni ba, don wanda ya taɓa zama a kujerar soso ya ji ta yi fuu ya san soso na wucewa da iska. Ban gaya mata ba. Kafinta na gari ba ya shelar abin da ya yi a inda ido ba ya kaiwa.

Ranar Lahadi ta haɗa kayan, muka ɗora gilashi mu biyu. Da ta kunna, cikin teburin ya ɗauki haske, jan katakon ya yi wani irin kyau da ni kaina sai da na ja da baya na ƙara kallo. Mai ɗakina ta kira maƙwabta biyu suka zo gani. Ni dai ina tsaye hannu a baya, kaina ya kumbura.

A ranar Uwata ta nuna mini wata 'yar lamba a kusurwar allo ta sama. Ta ce abin da muke gani yana motsi hotuna ne ake jerowa da sauri, lambar nan kuma ita ke faɗin hoto nawa na'urar ke zanawa a daƙiƙa ɗaya. Tsohuwar da ƙyar take kai sittin. Wannan kuwa ta tsaya cak a ɗari biyu da arba'in. In lambar na sama, kana ganin abokin karawarka kafin ya gan ka. In ta faɗi, kafin ka ɗaga hannu an gama da kai.

Washegari saƙon da take jira ya zo. Akwai wata ƙungiya ta mutum biyar masu shiga manyan gasa, ɗaya ya bar su, suna neman wanda zai maye gurbinsa. Mutum uku suka zaɓa za su gwada, har da Uwata. Nata gwajin ranar Asabar ne da ƙarfe biyu na rana, zagaye uku, kusan awa ɗaya da rabi tana wasa tare da su suna kallon hannunta. Ta ce irin wannan ƙofar ba ta cika buɗewa sau biyu ba. Ta zauna yin atisaye da murnarta, a nan ne matsalar ta fito.

Minti ashirin na farko lafiya lau. Daga nan sai fankokin su fara gurnani, lambar ta soma zamewa: ɗari da tamanin, ɗari da goma, saba'in, hamsin. Mutumin da take juyawa a allo sai ya riƙa tsayawa yana fizga kamar mai tafiya cikin taɓo. Ta kashe, ta bari ta huta, ta kunna, lambar ta koma sama. Bayan minti ashirin a koma gidan jiya.

Yadda ta bi abin ya burge ni, ko da yake a lokacin ban faɗa ba. Ba ta firgita ba. Ta ɗauko littafi da biro, ta ce abu ɗaya za ta riƙa canzawa a lokaci ɗaya, in ba haka ba ko ya gyaru ba za ta san me ya gyara shi ba. Ta fara duba ko wayar allo tana jikin katin hoto ne ba wani ramin ba, ta ga daidai take. Ta goge manhajar da ke tuƙa katin ta sa sabuwa, ta jira minti ashirin, ta rubuta. Ta rage kyan hoto har gem ɗin ya koma kamar zanen 'yan firamare, lambar ta ɗan daɗe a sama sannan ta faɗo. Ta rufe duk wani abu da ke aiki a ɓoye. Ta ce ba intanet ba ne, don ko ta cire shi ta yi wasa ita kaɗai haka abin yake.

Mai ɗakina ta leƙo ta ba da shawarar a ɗan buga mata hannu a gefe, wai haka take wa tsohuwar talabijin ɗinmu ta dawo hayyacinta. Ni kuma na ɗora laifin a kan masu sayar da kayan. Na ce mutanen yanzu ba su da amana, a kwali su rubuta doki a ciki su sa jaki. Na yi ta faɗa ba ji ba gani, Uwata tana ta rubutu a littafinta.

Ranar Laraba ta gano bakin zaren. Akwai wata lambar kuma mai nuna zafin kayan ciki, ita tana hawa, waccan tana sauka. Ta ce in zafi ya kusa kai inda zai ƙona na'urar, da kanta take rage gudu don ta tsira. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne dalilin zafin. Fanka shida na tebur suna juyawa, na kati uku suna juyawa, tagogi ga su nan a buɗe.

Ranar Alhamis ta kira wani mai gyara da ake ce wa Likita, saboda ba ya taɓa na'ura sai ya sa safar hannu. Mutum ne mai furfura jefi-jefi, ba ya son yawan magana. Muka ɗaga gilashin muka jingine shi a bango. Ya cire abin da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya goge wani mai mai launin toka da ke tsakaninsu, ya shafa sabo, ya mayar ya ɗaure. Aka ɗora allo da madannai a kan benci, Uwata ta durƙusa ta yi wasa minti arba'in, lambar ko gezau. Likita ya cire safarsa ya ce an gama. Na raka shi har bakin titi ina sa masa albarka. Muka mayar da gilashi, ta zauna, minti ashirin da biyu lambar ta dawo hamsin.

Da Likita ya dawo ranar Juma'a bai ko buɗe jakarsa ba. Ya zagaya teburin sau biyu, ya dube ni.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. In gilashi na buɗe lafiya, in an rufe ciwo. Teburin nan ba ya shaƙar iska."

Ban san lokacin da na ɗauko tef ɗin awo ba. Na auna masa tagogin a gaban idonsa, na shimfiɗa zanen Uwata a kai, ko rabin ƙwayar shinkafa babu bambanci. Na ce masa shi da bai taɓa riƙe zarto ba, ba shi zai koya mini yanka taga ba. Ya haska tocila tsakanin siraran katakan, ya tambaye ni mene ne baƙin abin da yake gani. Na ce yadi ne na tare ƙura, shara-shara kamar gidan sauro. Gaskiya na faɗa, amma ba duka ba. Soson ya zo mini a rai a daidai lokacin, na kore shi, don ba zan tsaya a ɗakin 'yata wani ya nuna mini kuskure a aikina ba. Likita ya ɗaga kafaɗa ya ce to in ba tebur ba ne, sai dai katin ne ke da lahani, mayar da shi kuma a kawo wani zai ci wata guda. Ya yi sallama ya tafi.

Da yamma Uwata ta je ta ciro zare daga kwandon ɗinkin mahaifiyarta, ta kunna gem ta bari har fankokin suka fara gurnani, sannan ta tsuguna ta riƙe zaren a bakin tagar dama, inda iska ya kamata ta fito. Zaren ya rataya shiru. Ta koma ta hagu, nan ma ko motsi. Ta ɗago ta kalle ni. Na jira tambayar, ba ta yi ba.

Abin da ta ce shi ne ba komai, gobe za ta cire gilashin ta bar teburin a buɗe, ta jawo teburin guga ta yi wasan a kai. Ta gwada a gabana. Teburin guga ya fi nata tsayi da yatsa uku, ƙafarsa ɗaya na rawa, wayoyin kuma an yanka musu hanya daidai teburina ne, ba sa kaiwa sai ta karkace. Lambar ta zauna a sama, amma hannun da na sani ba shi ba ne. Ta kai hari sau biyar ta kuskure uku. Ta murza wuyan hannunta ta ce za ta saba kafin gobe. Ƙarya take yi don ta rufa mini asiri, kuma na sani. In aka ba ni zarton wani a ranar da zan yi aikin da ya fi kowanne, ni ma haka hannuna zai yi.

Da sassafe ranar Asabar na buɗe shago, wai in rage aikin wata kujera. Ragowar soson nan yana nan a kan benci. Na daɗe ina kallonsa. Na leƙa waje na ga ba kowa, sai na ɗauke shi na lulluɓa masa baƙin yadin, na danna a fuskata, na rufe hanci da baki, na ce bari in yi numfashi ta cikinsa in ƙirga ɗari. Iska na shiga, ba a ce ba ta shiga ba, amma sai ka yi kokawa da ita. A ashirin ƙirjina ya fara nauyi. A talatin da biyar gumi ya keto mini. Ban kai hamsin ba na yar da shi ina haki, na dafa benci. Ashe abin da na yi wa na'urar yarinyar nan ke nan kwana shida, ina tsaye a kanta ina zagin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ɗauki ƙaramin zartona da guduma da cizal na shiga gida. Na same ta tana cusa takarda a ƙarƙashin ƙafar teburin guga.

"Uwata, akwai soso a cikin bangon nan. Ni na sa, don ƙura. Ban gaya miki ba, jiya ma da aka tambaye ni na ɓoye."

Ta ce ta yi zargin akwai wani abu, amma ba ta san mene ne ba. Sai ta ga zarton a hannuna, ta miƙe tsaye.

"Baba, kada ka yanka. Sati shida ka yi. Bayan gwajin sai mu nemi dabara a hankali."

"Babu dabara. Da gam na liƙe shi, ni na san yadda na liƙe shi. Ko ni ba zan iya buɗe shi ba sai da wannan."

Ta ce za ta iya da teburin guga. Na ce mata na ga yadda ta iya jiya. Ban yi teburin don maƙwabta su zo kallo ba, don ta zauna a kai ta ci na yi shi.

Ƙarfe takwas muka fara. Ta cire katin hoto ta kai shi kan gado ta lulluɓe, ta kwance fankoki shida, ta rufe sauran kayan da leda ta bi gefe-gefe da salatif. Mai ɗakina ta kawo jiƙaƙƙen tawul ta riƙe a ƙarƙashin inda zan yanka don ya kama gari. Ko tsokana ɗaya ba ta yi mini ba, abin da ya nuna mini ta ga fuskata.

Na sa zarto a kan siririn katako na farko. Kowanne na san shi, na san wanda ya ba ni wahala wajen gogewa. Na farko ne mai ciwo, daga na uku sai hannu ya karɓi aiki. Goma sha takwas suka zube a hagu. Yadin ya bayyana, na farke shi, na sa cizal na riƙa ɓanɓaro soson, gam ɗin ya riƙe shi gam kamar yadda na so tun farko, har sai da ya taho da ɓallin katako a wurare biyu. Ban taɓa jin haushin ingancin aikina ba sai ranar. Na koma dama na yi haka. Babu lokacin gogewa, babu na shafa mai. Abin da ya rage ramuka biyu ne masu kaushin baki, fari-fari a jikin jan katako, kamar an cire wa mutum haƙoran gaba.

Sha biyu da rabi ta gama mayar da kaya, muka ɗora gilashi. Ta kunna, ta miƙo mini zaren. Na tsuguna a dama, kafin ma in kai shi bakin ramin ya tashi ya kwanta a iska, ɗumi ya bugi bayan hannuna. Ta yi wasa minti ashirin, talatin, arba'in. Lambar na yawo tsakanin ɗari biyu da talatin da takwas da ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Fankokin ma sun daina gurnani, sai wani sauti siriri. Ta rubuta layi ɗaya a littafinta ta rufe shi, ta tafi ta wanke fuska.

Ƙarfe biyu ta sa abin kunne, ta gaisa da mutanen da ba na gani. Na ce zan fita in ba ta wuri, ta girgiza kai ta nuna mini bayanta. Nan na tsaya. Ban san wa ke bin wa ba, ban san wane ne namu ba. Abu ɗaya na iya karantawa a allon nan, shi na sa wa ido kamar mai gadi. Da aka wuce minti ashirin na ƙara matsowa na duba lambar. Ɗari biyu da arba'in. Can wani abu ya fashe a allon, wuta ta cika ko'ina, lambar ta sauka ɗari biyu da goma, kafin in ƙifta ido ta koma inda take.

Zagayen farko aka cinye su. Na gane ne daga yadda ta sauke kafaɗa. Ta sha ruwa, ta gyara zama, ta ɗora gwiwar hannunta a inda na auna mata. Daga nan na daina kallon lambar ba tare da na sani ba, na koma kallon hannun. Ta fara magana a taƙaice, tana cewa wane ya tsaya, wane ya bi ta hagu, kuma daga yadda abubuwa ke tafiya na fahimci manyan nan huɗu suna bin abin da ta ce. Yarinyar da na goya a kafaɗa ce take ba da umarni, muryarta ko rawa babu. Suka ci na biyu. Na ukun ya ja lokaci har ƙafata ta yi tsami, sai na ji ihu siriri yana fitowa daga abin kunnenta, ita kuwa ta saki linzami ta jingina da kujera ta rufe ido.

'Yan ƙungiyar sun ce za su yi shawara su sanar da ita. Ban iya zaman jira ba, na koma shago na kama share garin da ba ya buƙatar shara. Wajen ƙarfe biyar na ji takunta. Ta tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Baba, sun ɗauke ni."

Na ce madalla, na ci gaba da shara, don in na ɗago za ta ga idona. Ta ce akwai saura. Ƙungiyar na sa hoton na'urar kowane ɗan wasa a shafinta, da jerin kayan ciki da sunan kamfanin da ya ƙera kowanne. Na yar da tsintsiya na ce kada ta kuskura ta ɗauki hoton teburin nan a haka, ta ba ni kwana huɗu in yi sababbin tagogi in rufe ɓarnar. Ta ce ai ta riga ta tura. Ta miƙo mini wayar. Ga teburin nan, ta ma ɗauke shi ne ta gefen da ramin ya fi muni. A ƙasa ga jerin sunayen kamfanoni, layi bayan layi. A layin ƙarshe, wurin wanda ya ƙera akwati, ta rubuta: Babana, kafinta.

Na zauna a kan kujerar da ban gama ba na yi kuka, ita tana tsaye tana dariya tana share nata idon. Da na natsu na sake kawo maganar gyaran tagogin, ko da goge bakin ramukan ne kawai. Ta ce in taɓa duk abin da nake so a gidan nan, ban da su.

Har yau ban taɓa su ba. In baƙo ya zo shago yana yaba wata kujera ko kabad, sai in ce masa bai ga komai ba tukuna. In nemi izinin Uwata, in ja hannunsa har ɗakin, in sa shi ya tsuguna ya kai tafinsa bakin ramin dama ya ji iskar da ke fita. Sannan in gaya masa wadda ke zama a teburin, da abin da ta ci a kansa.